Yajin Gwaggo Ma'u

"Kada ka matso, Maigandi. Tsaya nan inda kake."

Na tsaya. Taku bakwai ne tsakanina da ita, kamar kullum, bayan rumbun albasar ubanta. Ni ke tsayawa ta inda iska ke wuce ta ta iske ni, don kada ta kwashi ƙarnin jikina ta kai mata. Wanka uku nike yi da toka da sabulu kafin in zo. Shekara biyu ina neman Barakatu, ban taɓa ko bakin mayafinta ba.

Kuka take yi, irin wanda ba shi da sauti.

"An gama," ta ce. "Baba ya karɓi goron Halliru. Gobe Lahadi za a ci abincin baiko. Wai a restora, gidan sai da abinci."

"A waje? Ku da ba ku cin tuwon kowa?"

Ta ɗaga kai kawai.

Ku da ba ku san ni ba, bari in gaya muku. Ni ne Maigandi ɗan Sarkawa masunta, wanda jirgi ya kife da shi sau uku cikin gulbin Kwara ya fito da hularshi bisa kai. Dorina ta taɓa raba jirgina biyu gaban garin Gaya, na iso gaɓa kafin ta rufe baki. Ban shiga lakwal karatun boko ba ko yini ɗaya, amma Allah ya ba ni hanci. A ɗaure mini ido a kawo kifi, in gaya maka giwan ruwa ne ko tarwaɗa, da wane ice anka banda shi, kwananshi nawa. Waɗanda sunka musa mini wannan cikin Malanbil, duk na raka su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya.

To, mai irin wanga hanci sai ya je ya so ɗiyar Alhaji Na-Allah mai albasa.

Gidan Na-Allah jininsu ba ya shan inuwa ɗaya da kifi. Wajen uwarsu sunka gado shi. Barakatu tun tana ƙarama in ta lasa, borin jini ya feso mata, leɓe ya kumbura. Wanta Ɗan'inna ya fi ta tsanani. Shekara bakwai kafin wannan rana anka tsince shi kwance bisa hanyar gada da tsakar rana, wuya a kumbure, rai ya fita. Babu wanda ya san abin da ya ci ko inda ya ci. Mutanen gari sunka ce gulbi ne ke fushi da zuri'ar, wai kakansu ya taɓa ƙetarewa bai yi sallama ba.

Tun ranar Alhaji ya yi rantsuwa biyu. Abincin waje ba ya shiga bakin nashi, masunci kuwa ba ya taka zaurenshi.

"Ƙaƙa anka yi Alhaji ya yarda?" na ce.

"Halliru ya sayo tukwane sabbi daga Gaya. Ludayi sabo, man gyaɗa cikin gwangwanin da ba a fasa ba. Ragon ma gaban Baba za a yanka. Ya ce manyanshi na duwan, 'yan kwastan, ba su zama bisa tabarma, sai tabur da kujera."

Halliru ma'aikacin duwan ne a bakin gada. Shekarar nan ce soja sunka sauya sunan ƙasa daga Dahomai, kowa ya koma kamarad, har mai tallan goro. Halliru shina da kaki mai guga, shina da mato, shina kuma faɗi a fili cewa ciwon gidan Na-Allah camfi ne, juyin juya hali ya hana camfi. Tukwanen nan don ya faranta ran tsoho ya saye su.

"Barakatu, mu ƙetare zuwa Gaya yau. Ina da dangi har garin Dole."

"In je gidanku in ci mi?" Ta share ido da gefen mayafi. "Tukunyarku kifi, turminku kifi, ko ruwan randarku kifi. Kwana nawa zan yi?"

"In bar gulbi. Wallahi in sai da jirgin in koma dakon albasa."

"Na gaya wa Baba haka. Ya ce ɗan Sarkawa ko ya bar ruwa, ruwa ba ya barin shi. Na durƙusa na riƙe ƙafarshi, Maigandi. Na ce Baba, ba ni son kaki, ba ni son mato. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Na riga na wanke ɗa guda da hannuna. Ki ƙi ni kina raye ya fi mini.' Mi zan ce wa wanda ya faɗi haka?"

Don in samu abin cewa na tambaya, "Restoran wa?"

"Na Ma'u, na bakin tasha. Ba gwaggonka ba ce?"

Na dafa buhun albasa.

"Maigandi! Mi ya same ka?"

Ban ji ta ba sosai. Wata ƙara nike ji, siririya, kamar ana busa kara mai tsaga.

*

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ranar da ta zama dole.

Gwaggo Ma'u ƙanwar ubana ce, ita ta goya ni da uwata ta rasu. Balangunta ya yi suna har direbobin Parakou ke tsayawa dominshi, kuma ba naman ba ne, yajin ne. Kowace mai abinci a garin nan tana da sirrin da ba ta faɗa ko da wuƙa a wuya, don ranar da maƙwabciya ta sani, ranar kasuwa ta watse. Sirrin Gwaggo kawunan tarwaɗa ne na banda. Ni ke kawo mata. Ta ƙona su kaɗan, ta daka da barkono da citta da ƙuli-ƙuli har su ɓace. Ta sa na rantse da goyon da ta yi mini ba zan faɗa ba.

Ina ɗan shekara goma sha tara, ran kasuwa, ina zaune bisa bencinta. Lokacin rumfa ce kawai ta zana. Wani saurayi mai farar riga ya zauna kusa da ni, zufa na zuba, ya ce tun safe shina loda buhuna bai karya ba.

"Inna, naman nan zalla ne? Ba a soya kifi cikin man ba?"

"Ba a soya ba, ɗana." Gaskiya ta faɗi.

"Wuƙar fa?"

"Ta nama daban take." Wannan ma gaskiya ne.

"To yajin?"

"Barkono ne da ƙuli-ƙuli."

Ta dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa. Na ce a raina, ɗan garin da bai cika farce ba, mi za shi yi wa ƙato kamar wannan?

Ya turo takardar naman tsakaninmu ya ce, "Bismilla, ɗan'uwa."

Na ci tare da shi. Ku ji da kyau, na ci.

Bai kai yanka na biyar ba ya fara sosa wuya. Ya ce ba komai, ƙaiƙayin buhu ne. Ya tashi. Da ya ja numfashi sai na ji ƙarar nan, siririya. Na bi shi daga nesa da kwandona bisa kai, har ya durƙusa bakin wata tsamiya a hanyar gada. Da mutane sunka fara taruwa, ni jarumin da bai ji tsoron dorina ba, na juya na gangara gulbi.

Shi ne Ɗan'inna.

Tun ranar ƙarar ba ta bar ni ba. Ina jin ta a bakin butar mai shayi, ina jin ta cikin zugazugin maƙera, ina jin ta in iska ta ratsa ciyawar bakin ruwa. Ita ta riƙa jan ƙafata zuwa bayan rumbun Na-Allah, in tsaya in ga yadda gidan ke rayuwa babu shi. Can na fara ganin Barakatu tana tsince ruɓaɓɓar albasa. Tsoro ya kai ni, so ya riƙe ni.

*

Daga wajenta ban zame ko'ina ba sai bayan restora. Na iske Gwaggo da taɓarya a hannu, la'asar ta yi. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini abin da ke cikin turmi.

"Gwaggo, don Allah don Annabi, na gobe ki daka shi babu kai."

"Sannu da aiki ma babu?" Ba ta daina daka ba. "Manyan duwan za su zo har da na Kandi, in ba su nama lami kamar na majinyaci? Su tafi su ce Ma'u ta tsufa?"

"Yarinyar za ta ci."

"Ta ci mana. An sayo tukunya, an sayo ludayi, mi kuma ya rage?"

"Kin san abin da ya rage. Kin san ƙanwar wa ce."

Taɓaryar ta tsaya sama. Ta sauke ta a hankali.

"Ajalinshi ne ya zo," ta ce. "Duk gari ya san gulbi ne."

"Gwaggo, tare munka ga ya sosa wuya."

"Rufe mini baki! Mutum dubu nawa sunka ci yajin nan sunka tashi da ƙafarsu?" Idonta ya kawo ruwa, ni kuwa ban taɓa ganin hawayenta ba ko ran da mijinta ya nutse. Ta rage murya. "Kai ba ka gane ba, ɗan nan. In na cire shi gobe, na ce ke nan ni na kashe ɗan mutane. Shekara bakwai ina salla bisa cewa ba ni ba ce. Kana so ka zo yau ka ƙwace mini?"

Na durƙusa na kama zanenta. "Ki daka biyu. Nata daban. Babu mai sani."

Ta dubi turmi.

"Bayan nan ya goya ka," ta ce, "kuma ka rantse da shi. Tashi ka tafi. Zan duba."

Na tafi da wannan zan duba, don ita nike so in ji.

*

Lahadi, bayan azahar, kasuwa ta cika har ta tumbatsa bisa kwalta. Ban shiga ruwa ba ranar. Na yi wankana uku na laɓe tsallaken hanya bayan wata babbar mota.

Ina hangen su ta ƙofa. Rediyo na waƙar juyin juya hali, masu kaki na dariya. Alhaji ya zauna a takure bisa kujera, shi da kanshi ya duba tukwane ya fasa gwangwanin mai. Mata suna tabur na gefe, Barakatu tsakiyarsu da lalle a hannu, kanta ƙasa.

Anka fito da faranti. Iska ta juyo.

Na ji rago. Na ji man gyaɗa sabo, albasa, citta, barkono. Can ƙarƙashinsu, ƙasa ƙwarai, inda hancin kowa ba ya kaiwa, na ji tarwaɗa. Bandar icen kirya, kwana shida. Ni na kama ta.

Ban san yadda na ƙetare hanya ba. An ce na ture mai lemu da tirenta. Abin da na sani, na ga yanka a hannun Barakatu ja wur da yaji, ya kusa baki, na kai wa hannun duka. Naman ya yi tsalle ya faɗa kan kakin wani babba.

Shekara biyu ina mafarkin ranar da zan taɓa hannun nan. Ashe da mari zan fara.

"Kin ci? Barakatu, kin ci?"

"Guda ɗaya," ta ce, ido a waje.

Halliru ya shaƙo wuyan rigata ta baya. "Kamarad mai ƙarni! Kishi ne ya kai ka dukan matar mutane? Ku kira jandarma!"

"Ku kira duk wanda za ku kira, amma ku sa ta a mato ku kai ta likita yanzu. Akwai kifi cikin yajin!"

Alhaji ya miƙe. "Ma'u?"

Gwaggo na tsaye bakin madafa da ludayi sabo a hannu. Ba ta dube ni ba.

"Barkono ne da ƙuli-ƙuli," ta ce.

"Kun ji," in ji Halliru, shina dariya. "Alhaji, ku zauna. Irin camfin da nike gaya muku ke nan, har ya zama makamin 'yan hassada. Barakatu, kina jin wani abu?"

"Ba komai," ta ce. Ta kai hannu wuya. "Ƙaiƙayin sarƙa ne."

Alhaji ya fara komawa kujerarshi. Na dubi bayan Gwaggo, wanda na yi barci bisanshi shekara biyu. Na dubi yatsun Barakatu suna sosa wuya.

"Haka Ɗan'inna ya ce!"

Wani ya kashe rediyo.

"Ya ce ƙaiƙayin buhu ne. Nan ya ci, Alhaji, bisa bencin Gwaggo, wanga yaji. Ya tambaya sau uku. Ni na kawo kawunan kifin, ina zaune kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Na sani na yi shiru. Ba gulbi ba ne ya kashe ɗanku."

Ludayi ya faɗi ƙasa. Babu wanda ya motsa.

Cikin shirun nan sai ga ƙarar. Siririya, kamar kara mai tsaga. Na ɗauka cikin kaina take kamar kullum, sai na ga kowa ya juya.

Daga ƙirjin Barakatu take fita.

Tsoho mai shekara sittin ya sunkuci ɗiyarshi kamar jaririya. Halliru kuwa, zan ba shi haƙƙinshi ko da ba ni son shi har gobe, ya sake ni ya ruga ya tada mato, ya ratsa kasuwar Lahadi shina danna oda, bai taka ko kaza ba. An ce da sun ƙara jinkiri ko na kurɓar ruwa, da allurar malamin likita ba ta iske ta da rai ba.

*

Kwana uku na yi kulle a kason jandarma. Jandarma biyu sunka gaji da dukana sunka karɓo na uku, ban yi ko wash ba, ku tambaya. Haƙarƙari biyu kawai sunka samu karyawa.

Ran na huɗu anka buɗe ƙofa. Alhaji Na-Allah na tsaye, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata.

"Tana raye," ya ce.

Na faɗi na yi sujada nan cikin ƙazanta.

"Gwaggonka ta zuba yajinta a gulbi ta rufe restora. Ta zo ta kwanta ƙofar gidana tana birgima, ban fito ba." Ya dube ni. "Ɗan'inna ya ba ka ka ci, an ce."

"Ya ba ni, Alhaji."

"Ka ci?"

"Na ci."

Ya rufe ido. "Na sa an sake ka saboda wadda ka tsamo. Saboda wanda ka bari kuwa, kada in ƙara ganin inuwarka inda tawa take. Rantsuwata na nan, yau ma ta fi ƙarfi."

Ban koma ruwa ba, haƙarƙari sun hana. Ban koma gidan Gwaggo ba, ta ce ba ta da ɗa. Sai na riƙa zuwa gindin tsamiyar nan ta hanyar gada in zauna, wurin da shekara bakwai nike kewayewa.

Can ta iske ni ran Juma'a da hantsi. Ta tsaya taku bakwai. Leɓenta ya saɓe, amma muryar ta dushe. Tana riƙe da wani abu ƙunshe cikin ganye.

"Nan ne?" ta ce.

"Nan ne."

Ta dubi ƙasar wurin.

"Ya yi maka magana?"

"Ya ce, bismilla, ɗan'uwa."

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Haka shike. Ko ƙwarar gyaɗa ce sai ya raba. Shekara biyu, Maigandi. Ina ba ka labarinshi bayan rumbu, ina kuka, kana cewa Allah ya ji ƙanshi. Kana kallon idona."

"Na ji tsoron in rasa ki."

"Saboda shi ka fara zuwa, ko ba haka ba? Ba saboda ni ba."

"Farko saboda shi. Daga baya ko an ɗaure ni da igiyar jirgi sai na zo."

"Na mai da wa Halliru goronshi," ta ce. "Kada ka yi murna, ba don kai ba. Ina shaƙewa shina cewa camfi. Baba bai san na fito ba, in ya sani ban san abin da za shi yi ba." Ta share fuska. "Ban yafe maka ba. Ban san ko zan iya ba."

"Ban roƙa ba."

Ta tako uku, ta ajiye ƙunshin a ƙasa, ta buɗe, ta koma inda take. Ƙosai ne guda biyar, da zafinsu.

"Wajen wata mata na saya bakin tasha. Na tambaye ta sau uku, ta rantse. Shekara bakwai ina tsoron gulbi, ko kallonshi ba ni yi, ashe bakin mutane ne abin tsoro. Na gaji, Maigandi. Ina so in ci abin kasuwa kamar kowa." Ta nuna ganyen da haɓa. "Shinshina mini."

Na mai da hannuwana baya don kada in taɓa. Ni Maigandi, da ban durƙusa wa jandarma ba, na durƙusa cikin ƙurar hanya na kai hanci kamar kare, masu wucewa na kallo.

Wake. Man gyaɗa, an soya shi sau biyu amma ƙosai kaɗai ya gani. Albasa, gishiri, ɗan tattasai.

Na sake shaƙa. Na sake. Hancin da bai taɓa ba ni kunya ba, ranar na ji ina shakkar shi.

"Mi ka ji?"

"Babu," na ce. "Ci."

Na ja baya. Ta zo ta ɗauka, ta yi bismilla, ta gatsa, idonta cikin nawa. Ta tauna ta haɗiye.

Motoci na wucewa zuwa gada, iska na kaɗa tsamiya. Ni kuwa na riƙe numfashina ina sauraren nata.